Yadda Ake Fara Koyon Fiyano a Kano Bisa Tsarin Malaman Jamus

A Jamus yara da yawa suna fara fiyano ne a makarantar kiɗa ta gari, wadda majalisar garin take ware wa kuɗi. Mu a Kano ɗalibi shi yake ɗaukar nauyin kansa, amma tsarin koyarwar Jamusawa ba ya buƙatar dukiya mai yawa.

Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, sai dai na lantarki mai madannai 61, irin wanda ake samu a shagunan Sabon Gari, ya ishi mai farawa. A zaɓi wanda yake aiki da batir saboda ɗaukewar wuta, kuma a riƙa lulluɓe shi da zane, musamman da hunturu, domin ƙura takan shige ƙarƙashin madannai har su fara maƙalewa.

Darasin farko shi ne gane hanya. Baƙaƙen madannai a jere suke bibbiyu da uku-uku, kuma farin da yake dab da hagun kowane bibbiyu shi ne C. Daga nan sai a lamba yatsu, babban yatsa 1, ƙaramin yatsa 5, a ɗora babban yatsan dama a kan C na tsakiya, a tanƙwara hannu kamar an riƙe lemo, a danna fararen madannai biyar ɗaya bayan ɗaya, a hau a sauko. Yatsa na 4 zai yi gardama, kuma a nan ne mafi yawan ɗalibai suke fara yaudarar kansu, suna ɗaga kafaɗa su taimaka masa. Kada a yarda. A rage gudu har sai ya danna da ƙarfin kansa, sannan a koma hannun hagu, kuma kada a haɗa hannu biyu sai kowanne ya zauna.

Maɓallin da yake sako ganga da kansa, wanda masu situdiyo suka saba da shi, a bar shi a kashe tukuna, domin yana rufe kurakurai. Abin da ya kamata a kunna shi ne na'urar ƙidayar bugu, wadda Bajamushe Johann Mälzel ya yi wa rajista a 1815, yanzu kuwa akwai ta a waya. A saita ta a bugu 60 a minti, a yi minti 20 kullum, ko da bayan sallar la'asar ne, maimakon a tara sa'o'i ranar Asabar.

Wanda ya sami littafin da aka buga a Jamus ya lura cewa madannin da Turawan Ingila suke kira B, wato farin da yake dab da hagun C, Jamusawa H suke ce masa, B ɗinsu kuwa shi ne baƙin da yake hagunsa.