Yadda zaka gane wasan rubutu na kirki kafin ya cinye maka lokaci

Wasannin nan da ake kira MUD ba hoto ba bidiyo, rubutu ne zalla, ka buga umarni kwamfuta ta baka amsa, ga kuma wasu mutane daga ko'ina suna yawo cikin duniyar tare da kai. Tun 1978 Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara abin a jami'ar Essex ta Ingila, har yau kuma akwai masu yawa suna aiki, wasu na kirki wasu kuwa sai dai a yi shiru.

Da shigarka buga who kaga mutum nawa ne a ciki, amma kar adadin ya ruɗe ka, wani ya bar ɗan wasansa, wato mutumin da yake sarrafawa a cikin wasan, a tsaye ya tafi barci, wani kuma shi kaɗai ne da suna uku. Yi gaisuwa a zauren hira kaga ko za'a kula ka, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sai ka zaga ɗakuna, wato wuraren da ke cikin duniyar wasan, kamar ashirin kana karanta bayaninsu, in duk kusan magana ɗaya ce aka yi ta maimaitawa to magina sun yi kasala.

Amma ni dai inda nake tsayawa shine wajen masu iko, waɗanda suka rike wasan. Suna iya leƙa abin da kake rubutawa, su ƙirƙiri makami daga babu, su goge ka gaba ɗaya cikin daƙiƙa. To ka duba, dokokin a rubuce suke ko sai ranar da ran oga ya ɓaci ake sanin doka? In an hukunta ka akwai wajen kai kuka? Shin su ma suna da 'yan wasa a ɓoye da suke fifitawa? Wannan ba sabuwar rigima bace, a wani wasa irin wannan mai suna LambdaMOO a 1993 wani ya yi amfani da wata dabara ya riƙa sa 'yan wasan wasu suna aikata batsa ba da yardarsu ba, aka yi ta muhawara ba'a cimma matsaya ba, ƙarshe ɗaya daga cikin masu ikon ya goge shi bisa ra'ayin kansa, bayan nan ne Pavel Curtis, wanda ya kafa wasan, ya kawo tsarin ƙorafi da ƙuri'a. Ka tambayi tsofaffin 'yan wasa a asirce, su suka san inda gizo ke saƙa.

Sai kuɗi. Achaea, ɗaya daga cikin wasannin nan, tun 1997 take, tana sayar da kayan cikin wasa da kuɗin gaske kuma bata ɓoye ba, wannan ni ban ga laifinsa ba, abin tambaya shine ko wanda bai biya ba zai iya kai labari. Haka kuma ka buga credits kaga sunayen waɗanda suka rubuta wasan, don wasanni da yawa akan wani tsohon MUD mai suna DikuMUD aka gina su, lasisinsa na asali ya hana cin riba dashi kuma ya ce a bar sunayen waɗanda suka rubuta shi. Wanda ya kankare sunan mutanen da suka bashi tushe kyauta, kai me kake tsammani zai maka?

Af, yawancin wasannin nan ta telnet ake shiga, wata tsohuwar hanyar haɗa kwamfuta da kwamfuta, shi kuma baya ɓoye abin da ka tura, don haka kar ka kuskura ka sa kalmar sirrin da kake amfani da ita a imel ɗinka.