Yadda muke raba aikin Babbar Sallah a gidanmu

Shekara 11 ke nan girkin Babbar Sallah yana hannuna a gidanmu da ke cikin birnin Kano, tun da ciwon gwiwa ya zaunar da Hajiya. Ranar sallah mukan haura mutum 30 in an haɗa da jikoki da 'yan'uwan da ke zuwa daga ƙauye, raguna kuma uku ne, wata shekarar huɗu. Mai babban gida irin namu, ga yadda muke yi.

Rabon aiki daren jajibere ake yin sa, bayan masu azumin Arfa sun sha ruwa. A shimfiɗa tabarma, a kira kowa, a ba shi aikinsa da sunansa. Kada ki kuskura ki ce "wani ya wanke hanji", domin Wani ba ya gidan. Na koyi wannan ne da tsada. Wata shekara kayan cikin rago biyu suka yini a daro cikin rana, kowa na zaton 'yar'uwarta ta ɗauka, sai da la'asar wari ya tona mana asiri. Hajiya ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi, har yau ban manta kallon ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, gaskiya, amma sai kowane hannu ya san inda zai kama.

A daren nan samari za su wasa wuƙaƙe, su haƙa ramin da jini zai gangara, su cika randuna da jarkoki. Ruwa shi ne rabin aikin layya. Mu kuma mu kai niƙan shinkafar waina, mu dama ƙullu ya kwana ya tashi, mu fere kabewa, mu gyara alayyafo da yakuwa. Naman miyar taushe a saye shi tun ana gobe sallah, ko a yanka kaji. Amare da yawa kan manta cewa lokacin da tuwo zai sauka, ragon yana nan ɗaure yana tuƙa.

Da asuba mutum biyu a kan tuwon shinkafa, ɗaya a kan miya, ɗaya a bakin tanda. Mai tanda ita ta fi kowa shan wuta, don haka a sa mata mai canjinta tun farko, kuma wadda ta zauna gida bana, baɗi ita za ta je idi.

Yanka sai liman ya yanka nasa, wannan Baffa ba ya wasa da shi. In za a kira mahauci ya yi fiɗa, a kama shi tun da sauran kwanaki, a yi ciniki, a biya shi da kuɗi. Ba a biyan ladan fiɗa da naman layya ko fatarta. Fatar a ware yaro ɗaya da zai miƙa wa masu tarawa kafin ta fara wari. Ana fasa ciki, hanta ce ke fara zuwa wuta, saboda Baffa ba ya karyawa ranar sai da ita. Tumbi da hanji kuwa su wuce kai tsaye hannun mata biyun da aka ambata jiya, can gefen rariya. Gangar jikin a rataye ta a inuwa ta tsane, suya sai gobe.

Kai tuwo aikin yara ne, amma lissafin gidaje na Gwaggo ne, ita ta san wa aka yi wa rasuwa, wa ta haihu, wane gida ne bana ba su samu yin yanka ba. Irin waɗannan gidajen su ake fara kai wa, kuma babbar yarinya mai hankali ake aika, ba ɗan da zai tsaya a ƙofa yana shela ba. Ki sa alama da jan farce a gindin kowane kwano da murfinsa. Kafin mu fara haka, duk sallah sai mun yi asarar langa biyu ko uku. Goron sallar da aka ba yaro a hanya nasa ne, uwarsa ba ta da haƙƙi a ciki, ko da za ta ce ajiye masa za ta yi.

Wajen ci, maza suna soro da Baffa, mata a tsakar gida, yara a tire biyu, ƙanana daban don kada manya su cinye musu nama. Kafin kwano ɗaya ya fita, ki fara zuba na masu girki a kula ki rufe. Da can mu da muka tashi tun asuba ƙanzo muke samu.

Washegari maza su daddatsa nama, a fitar da na sadaka da na maƙwabta da cinyar surukai tun yana ɗanye, kafin ido ya saba da shi. Sauran a tafasa da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari, a tsame, a soya har ya bushe sosai, in ba haka ba fumfuna zai yi cikin mako. In shekarar ana hawa, ki tabbata samari sun gama kafin azahar, don da an ce Hawan Daushe ba za ki sake ganin ƙeyar kowa ba sai magariba.

Babbakar kai da ƙafa a bar wa 'yan samarin da ba su kai fiɗa ba, suna son wasa da wuta dama. Soyayyen naman in ya huce a zuba a kwalla a kai ɗakin Hajiya. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta, kuma ko ni sai na yi sallama na faɗi dalili.