Yadda ake haɗa bencin fada da zai jure hunturun Tawa

Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga mai tarbiyyar yara gaskiya ne. Ga kafinta kuwa, ɗanyen icce shi ne mai zubar masa da mutunci. Wannan ne karatun farko da nake yi wa duk yaron da ubansa ya kawo mini shago a nan Tawa, kafin ma in bar shi ya taɓa zarto.

Ni da kunya na koye shi. Shekarar da na dawo daga Yamai, inda na yi zaman koyo a wani shago kusa da kasuwar Katako, wata Hajiya ta ba ni aikin teburin ɗakin ƴarta da za a aurar. Watan Agusta ne, ruwa na zuba. Na sayi allunan da aka sauke daga mota a satin nan, na manne uku wuri guda, na bi su da ƙusa ta kowane gefe, na shafa fenti har mutum na ganin fuskarsa. Aka kai amarya, aka yaba. Da Janairu ta zo sai ga yaro an aiko, wai Hajiya na kira. Na tarar teburin ya tsage daga wannan baki zuwa wancan, tsagar da ɗan yatsana ke shiga. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, haka ake yi a Yamai?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Mafi yawan allunan da muke aiki da su ba na ƙasarmu ba ne. Daga kudu suke zuwa, daga dazuzzukan Najeriya, Benin, Gana da Kwaddibuwa, inda iska ke cike da laima. Katako kuwa kamar soso yake, yana shan ruwa daga iska, yana kuma mayar mata. In ya iso Adar ya gamu da iskar hunturu da zafin bazara sai ya zubar da ruwan jikinsa ya tsuke. A faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Allo mai faɗin santimita 30, in ɗanye ne, yana iya rage kusan santimita guda kafin ya natsu. In ka ɗaure shi tam da ƙusa ka hana shi tsukewa, to zai nemi hanyarsa ne ta tsagewa.

Saboda haka aikin benci yana farawa ne makonni kafin ranar yanka.

A wajen saye, ɗaga allon ka ji nauyinsa, ka ɗora tafin hannunka a kai. Ɗanye yana da nauyi da sanyi. Sannan ka ɗaga baki ɗaya zuwa idonka ka hango shi har ƙarshe kamar mai saita bindiga. Wanda ya ɗan lanƙwasa ana iya yanka shi gajeru a ci amfaninsa. Wanda ya murɗe kamar igiya, bar wa mai shi kayansa ko da ya rage maka kuɗi. Farin katakon da ake kira samba yana da sauƙin aiki da araha, amma yana da laushi kuma gara da ƙwari na son sa. Ja ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi cin kaifin kayan aiki, ya kuma fi daɗewa. In aljihu bai kai ba, yi ƙafafu da ja, wurin zama da fari.

Da ka kawo su gida kada ka jingina su da bango, kada kuma ka shanya su a rana don su yi saurin bushewa. Rana tana busar da waje ta bar ciki da ruwa, sai allon ya fashe. Nemi inuwa mai iska. Jera su a kwance, nesa da ƙasa, ka sa ƴan sanduna masu kaurin santimita 2 tsakanin allo da allo, kowane santimita 50, sanda bisa sanda a layi ɗaya. Ɗora bulo a sama. Bakunan allunan ka shafa musu tsohon fenti, don ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke somawa. Ga yadda nake gane sun bushe: ina yanke guntu guda in riƙa kai shi sikelin mai sayar da ƙusa kowace Juma'a, in rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da ya yi sati biyu nauyin bai ragu ba, an gama. Da hunturu ba ya daɗewa. Da damina sai haƙuri.

Bencin da za mu yi na fada ne, wanda mutum uku ko huɗu za su zauna suna jiran shayi. Tsawonsa santimita 150, tsayinsa 45. Wannan 45 ɗin ba ni na ƙirƙiro shi ba, shi ne tsayin da babban mutum ke zama ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba tare da gwiwa ta tashi sama ba. Ƙafafu huɗu, kowace santimita 6 bisa 6, tsawon 42.5. Dogayen sandunan da ke haɗa ƙafafu ta sama guda biyu, kauri 2.5, faɗi 8, tsawo 124. Gajeru guda huɗu masu tsawon 24, biyu a sama biyu a ƙasa. Wurin zama kuma sirara uku, kowane faɗin 10, kauri 2.5, tsawo 150, da tazarar santimita guda a tsakaninsu. Masu saye sukan ce sun fi son allo guda mai faɗi don ya fi kyau. Nakan ce musu siririn allo motsinsa kaɗan ne, tazarar nan kuma ita ce wurin da zai yi numfashi, ta nan ma ruwan shayi da ƙura za su zube.

Fere kowane guntu da rabo, wato abin da kafinta ke fere katako da shi ya yi sumul, har fuska ɗaya ta miƙe, sannan gefe ɗaya ya tsaya daidai da ita a ekar, ma'aunin kusurwa mai siffar L. Yi wa waɗannan biyun alama da fensir. Duk awon da za ka yi nan gaba daga gare su zai tashi. Yaran da ke auna wannan daga nan, wancan daga can, su ne bencinsu ke fitowa kamar raƙumi ya durƙusa.

Yanzu ga inda aikin yake. Kafintan sauri yakan kafa sanda a jikin ƙafa ya buga ƙusa uku ya wuce. Wata shida ana zama ana tashi, ana jan bencin daga rana zuwa inuwa, ramin ƙusar ya buɗe, benci ya soma rawa. Mu rami da harshe za mu yi: a huda rami a ƙafa, a fitar da harshe a bakin sanda, harshen ya shiga ramin. Katako ne ke riƙe katako.

Harshen ya zama kauri santimita 1, tsawo 3, faɗi 6. Ka ga ke nan an bar santimita 2 ta sama ba a taɓa ba, don kan ƙafar kada ya fashe. Ni nakan ma bar ƙafar da rarar santimita 2 a sama, sai na gama huda in yanke. Zana ramin santimita ɗaya da rabi daga fuskar waje. In ka yi haka ramuka biyun da ke ƙafa ɗaya ba za su haɗu a ciki ba. Kuma ka fara da ramin, don gyara harshe ya dace da rami ya fi sauƙin gyara rami ya dace da harshe.

Ɗauki sizo, ƙarfen nan mai kaifi a baki da ake sarar rami da shi, mai faɗin santimita 1. Ka wasa shi har ya iya yanke bakin farin katako ya bar shi sumul, ba ya murƙushe shi ba. Maigidana na Yamai, Allah ya jiƙansa, wata guda ya bar ni ina wasa ƙarfe kawai, ina jin haushinsa a raina, sai daga baya na gane. Kada ka soma sara a kan layin da ka zana. Soma daga tsakiya, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan kana fitar da ɓawon, sai ramin ya kai zurfi sannan ka dawo ka tsaya a kan layi ka sare shi a miƙe. Naɗa ɗan zare ko salatif a jikin sizon a santimita 3, ya riƙa gaya maka zurfin. In kana da injin huda, huda ramuka a jere ka share sauran da sizo, babu laifi. Amma ka san a nan in wuta ta ɗauke, mai hannu ne kawai ke ci gaba da aiki.

A wajen harshe, zarto ya bi gefen layi ta ɓangaren da za a zubar, ya bar layin a jikin aiki. Gwada shi. Harshen kirki yana shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan, in ka ɗaga sandar ƙafar ta biyo ta. In sai da dukan guduma, zai fasa ƙafar, rage shi. In yana lilo a ciki, kada ka ce kol, wato gam ɗin manne katako, zai cike, ba ya cikewa. Manna masa siririn ɓawon katako, ya bushe, ka sake ferewa.

Haɗa bencin gaba ɗaya ba tare da kol ba tukuna. Sai ka ga komai ya zauna sannan ka warware. Farin kol na katako a zafin Afrilu yana kamawa kafin ka gama juyawa, shi ya sa nake yin manni bayan sallar asuba, kayan matsi duk suna kusa. Fara da gefuna biyu gajeru, su bushe, sannan ka haɗa su da dogayen sanduna. In ba ka da abin matsi na ƙarfe, igiya ta isa: zagaya ta sau biyu, sa sanda a tsakiya ka murɗa, ka kare kusurwoyi da kwali. Robar cikin taya da aka yanka sirara ita ma tana yi. Kafin kol ya kama, auna daga wannan kusurwa zuwa waccan ta gicciye, sannan ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, bencinka ya tsaya daidai. In ya bambanta, matsa doguwar har su yi daidai. Goge kol ɗin da ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma nan take, don in ya bushe fenti ba ya kama wurin.

Akwai wata dabara da nake ƙarawa, ita ce abin da na fi so a sana'ar nan. Tun kafin manni, huda ƙafar da ramin milimita 6 wanda zai ratsa ramin harshen. Sa harshen, yi masa alama ta cikin hudar, fitar da shi, sai ka huda shi milimita guda kusa da kafaɗar sandar, wato inda harshen ya fito daga jikinta, ba daidai kan alamar ba. Fiƙe turke na icce mai tauri, ni aduwa nake nema, irin wanda ake ƙotar gatari da allon karatu da shi. In ka buga turken, saɓanin nan na milimita guda zai jawo sandar ta manne da ƙafa, har ka ji ƙarar ta canja. Ko kol ya gaji bayan shekaru, turken na nan. Duk lokacin da na buga shi nakan tuna masassaƙan da ke fitar da turmi ko kujerar mata daga gungumen icce guda da gizago, ba ƙusa ba kol, a yi ta daka a ciki har jikoki. Mu masu alluna baƙi ne a gabansu.

Saura wurin zama. Sa ƴan sanduna biyu a tsakiya, tsakanin dogayen, don allunan kada su lotsa in mai jiki ya zauna. Ɗaure allunan da bis, wato ƙusa mai murɗi, ka fara huda musu hanya, ramin da ke jikin allon ya ɗan fi bis ɗin faɗi don katako ya sami wurin motsi. Allunan za su zarce ƙafafu da santimita 10 ta kowane baki. Kada ka wuce haka, in ba so kake mutum ya zauna a baki bencin ya tashi da shi ba.

Goge da takardar yashi ta goge katako mai lamba 80, sannan 120, sannan 180, kullum kana bin tsawon katakon. Kashe kaifin gefuna don kada su ci riga. Wajen shafa barni, man da ke kare katako ya sa shi ƙyalli, abin da mutane ke mantawa shi ne ƙasan allo da bakunansa. In ka shafa sama kawai, ƙasa zai riƙa shan laima yana fitarwa shi kaɗai, allon ya lanƙwashe kamar kwano. Shafa ko'ina, siriri, sau biyu ko uku, kana ɗan gogewa tsakani. Da hunturu shiga ɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa, ka jira yamma iska ta kwanta, in ba haka ba ƙurar Adar za ta zauna a kai ya zama kamar bangon laka. Gindin ƙafafu kuma su sha barni sosai, wasu na tsoma su a baƙin man mota. Ka gaya wa masu fada kada su bar shi wuri guda a kan turɓaya wata da watanni, gara ba ta son abin da ake motsawa.

Daga nan sai ka kai shi kan simintin da ya yi sumul ka danna kusurwoyi. In yana rawa, juya shi ka sake gwadawa a wani wuri, don sau da yawa simintin ne bai daidaita ba. In bencin ne, ƙafafu biyun da ke taɓa ƙasa kullum su ne dogaye, rage su kaɗan-kaɗan da takarda mai lamba 80, kana gwadawa. A shagona wanda ya yi bencin shi ke fara zama, sannan in kira sauran yaran uku su hau tare da shi su yi ta girgiza, ni kuma ina tsugune gefe, kunnena na wajen ƙafafun.