Yadda ake saka zanen hannu a kundin hotuna na waya da kwamfuta

Kundin hotunan biki, suna, walimar sauka, hawan Sallah ko yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello duk a waya ko kwamfuta ake haɗa su yanzu. Sai dai kowa furanni da zukata iri ɗaya yake ɗaukowa daga Canva ko PixelLab, har shafin kamun amarya a Tudun Wada ya zama bai da bambanci da na ko'ina. 'Yan zane-zanen da mutum ya yi da hannunsa, kamar kibiya, ganye, firam ko rubutun suna, su ne ke raba kundinsa da na jama'a. Ba sai ka ƙware a zane ba. Abu biyu ne ke gyara aikin ko su ɓata shi: kaurin layi da tsaftace hoton zanen.

Ka tanadi farar takarda A4 marar layi, fensir, da baƙin alƙalamin zane mai baki milimita 0.5 ko 0.8. Biro ba ya yi, domin tawadarsa tana yankewa kuma tana ƙyalli a kyamara, sai layin ya fito da ramuka. Takardar littafi mai layi ma wahala ce, za ka ɓata lokaci kana goge layukan ɗaya bayan ɗaya.

Ka zana kowane abu ya ninka girman da kake so a shafi. Rage girma yana ɓoye rawar hannu, amma yana sirantar da layi, don haka ga lissafin: layin 0.5 idan aka rage shi rabi ya koma milimita 0.25, wato kusan fiksel 3 (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) a ma'aunin bugawa na dpi 300, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci, kuma wannan zai fito sarai. Layin alƙalami 0.1 kuwa ba zai kai ko fiksel ɗaya ba, firinta za ta cinye shi. Ka bar tazarar santimita biyu tsakanin zane da zane don yankewa ta yi sauƙi. Duk siffar da za ka zuba wa launi daga baya, ka tabbata bakin layinta ya haɗu, in ba haka ba launin zai malale ya cika shafin. Ka bari tawada ta bushe kafin ka goge fensir.

Maganar abin da za a zana kuwa, Bazazzagi bai da dalilin aro. Ga zanen bangon ƙofar Fadar Zazzau, ga zankwayen tsofaffin gidajen cikin birni, ga dagi, ga aska takwas da tambari na babbar riga, ga zayyanar gefen allo, ga zanen lalle. Bakan gizo irin na tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina yana yin kyakkyawan firam ga hoton tsaye. A Zariya ne ma ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka dage a kan ɗauko zane daga gida a haɗa shi da dabarun zamani. Idan akwai mai zanen lalle a gidanku, ka miƙa mata takarda da alƙalami, za ta cika maka shafi da rassa da ɗige-ɗigen da suka fi na manhaja nesa ba kusa ba. Dagi ne mai ɗan wuya: ka fara ɗiga jagora da fensir, ka ja igiyar da layi biyu, kuma a kowace mahaɗa igiyar da ta bi ta sama ta bi ta ƙasa a ta gaba. Ayar Alƙur'ani dai kada a mayar da ita ado a takardar da za a raba wa jama'a, don ba a san inda za ta ƙare ba.

Shigar da zanen cikin na'ura ya fi kyau da sikana. A shagon kwamfuta, ko a Samaru ko Kongo ko Sabon Gari, ka ce a ɗauka a dpi 600, launin toka, a ajiye maka a nau'in fayil ɗin hoto na PNG. Sai ka faɗa da bakinka, domin akasari an saita injin don takardun makaranta, a ƙaramin ma'auni kuma a PDF. Da hunturu ka sa a goge gilashin tukuna, kowace ƙwayar ƙura baƙin ɗigo za ta zama. Zanen santimita 5 a dpi 600 yana ba da kusan fiksel 1180, wanda zai bugu lafiya har faɗin santimita 10.

In babu sikana, waya ta isa. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar fiksel 4000 a tsawo, idan takardar A4 ta cika hoton ka samu kusan dpi 340. Ka shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, misali bakin ƙofar zaure da safe, ka kashe filasha, ka riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba. Karkacewa ce ke mayar da da'ira ƙwai. Idan inuwar hannunka tana faɗawa kan takardar, ka ɗaga wayar sama ka ɗan jawo hoton. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, gefen layi ya dagule.

Tsaftacewa ita ce inda yawancin mutane ke gaggawa, kuma nan ne ya kamata a zauna. A hoto takarda ba fara ba ce, toka-toka ce. A Photopea, wanda kyauta ne a burauza, ko a Photoshop, ka cire launi, ka buɗe Levels, wurin daidaita fari da baƙi. Ka jawo maɓallin fari daga 255 zuwa wajen 200 har takardar ta yi fari fat, ka tura na baƙi daga 0 zuwa wajen 60 har tawada ta yi baƙi wuluk. Kada ka wuce gona da iri, kuma ka guji Threshold, domin yana kashe tokar da ke gefen layi, layin ya koma haƙori-haƙori.

Saura cire farin. Hanya mafi sauri ita ce a sauya yanayin leyar zanen, wato shimfiɗar da zanen yake a kai a cikin manhajar, zuwa Multiply, farin ya ɓace nan take. Amma a kan bango mai haske kawai take aiki, a kan mai duhu zanen ma ɓacewa yake. Hanyar da ta fi inganci ita ce a cire farin gaba ɗaya: a manhajar kwamfuta ta GIMP akwai Color to Alpha, a waya kuma ibisPaint X yana tambaya ko a ciro layin zane da zarar an shigo da hoto. Sandar zaɓe da ake kira Magic Wand tana barin farin zobe a gefen layi, wanda ba ka ganinsa sai an ɗora zanen kan duhu. Saboda haka kafin ka ajiye, ka saka leya ja ko shuɗiya a ƙasa, ka zuƙo hoton ka duba, ka goge ɗigon datti, sannan ka cire leyar. Ka yanke kowane zane daban ka ajiye a PNG. JPEG ba ya riƙe bango marar launi, farin akwati zai dawo. Zanen da za a buga a babbar bana, Trace Bitmap na manhajar Inkscape zai mayar da shi nau'in fayil na SVG, wanda ba ya fashewa komai girmansa.

Ka zaɓi girman shafi tun farko: fiksel 3600 sau 3600 ga kundi mai inci 12, ko 2480 sau 3508 ga A4, ko 1080 sau 1920 idan don sitatus ne kawai. Bango a ƙasa, hotuna a tsakiya, zane a sama. Hotuna za a fara jerawa, zane ya biyo baya, domin shi ɗan rakiya ne. Ka tara zanen a wuri biyu ko uku, ka bar wani gefen shafin fili. Ka bari reshe ko kibiya ta ɗan hau kan gefen hoto don su haɗu, amma kada ta taɓa fuska.

Baƙin layi yakan yi nauyi a shafin biki. Ka kulle leyar da Alpha Lock, ka ɗebo launi daga ankon da ke cikin hoton ko rawanin mahayi, ka shafa a kai, layin kaɗai zai rinu. Launi biyu sun wadatar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙara girman wannan zane a rage wancan sosai, sai layi ɗaya ya yi kauri ɗaya ya yi siriri, shafin ya rasa tsari. Ka riƙe su a kusan ma'auni ɗaya, in kana son babba ka sake zana babba. Zanen da ake so ya zama kamar an yi shi a kan shafin ba a sa masa inuwa. Wanda aka zagaye da farin baki kamar sitika shi ke ɗaukar 'yar inuwa mai laushi.

Sunaye da kwanan wata ka rubuta su da hannu, ka bi da su ta wannan hanyar. Yawancin haruffan ado na manhajoji ba su da ƙ, ɗ da ɓ, shi ya sa ake ganin Ɗanladi ya fito da akwati ko da harafi bare a gabansa. Rubutun hannu ya raba wannan gardama, kuma da shi za ka iya saka ajami. Ka kula kawai kada ka juya rubutu hagu zuwa dama yadda ake juya ganye.

Idan za a buga, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, ka nisanta rubutu da zane aƙalla santimita ɗaya daga baki, fiye da haka a gefen da za a ɗinke. Allon waya yana da haskensa, takarda ba ta da shi, don haka siririn layi ruwan ɗorawa da ke sheƙi a waya yakan dusashe a bugu. Ka fara buga shafi ɗaya ka duba da rana kafin ka biya kuɗin sauran, kuma ka ajiye ainihin fayil mai leyoyi, don in an ce a gyara suna ba sai ka sake shafin daga farko ba.