Yadda na tayar da tsohuwar kwamfuta da Debian

Kwamfutar ofis ce da aka yar, na tsinto ta duk ƙura. Na ɗora Debian 12, wato babbar manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, a filashi, amma kwamfutar ta ƙi tashi da shi. Ashe BIOS ɗinta, wato manhajar da ke fara kunna ta, bai san UEFI ba, sabon tsarin tayar da kwamfuta da na rubuta filashin da shi. Da na sake rubuta filashin da tsarin MBR, wanda tsofaffin kwamfutoci suka sani, nan take ta kama.

Sabunta manhajoji ne ya ba ni wuya, sai apt, mai girkawa da sabunta manhajoji a Debian, ya ce fayilolin ba su kai lokacin aiki ba. Agogonta ne ya koma baya da shekaru, don ɗan batirin CR2032 da ke jikin babban allon cikinta, wanda ke riƙe mata lokaci, ya mutu. Na ɓamɓare shi da farce, na sa sabo, na saita kwanan wata. Xfce na zaɓa a matsayin fuskar da ake aiki a kanta (desktop) saboda ba shi da nauyi, kuma tana gudu lafiya lau.