Kurakuran da aka fi yi wajen bibiyar fashewar rana, da yadda za a gyara su

Tun daga guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga Mayun 2024, wadda ta sa aka ga orora, hasken nan mai launuka da kan bayyana a sama da dare kusa da ƙuryar arewa da kudancin duniya, har a Meziko da Fulorida, masu sha'awar sanin abin da rana ke ciki sun ƙaru. Wasu sun sayi na'urar hangen nesa, wasu kuma wayarsu ce kawai, suna bin hotunan taurarin ɗan'adam. Duka biyun hanya ce mai kyau. Sai dai kurakuran da sababbin shiga ke yi kusan iri ɗaya ne, kuma akasarinsu daga tushe guda suke: ana haɗa abubuwa uku mabambanta a ɗauke su abu ɗaya. Kafin in zo nan, bari in fara da kuskuren da ba ya gyaruwa.

Ido

Bangon cikin ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi. Rana za ta iya ƙona shi mutum bai ji komai ba, sai bayan awanni ya fara ganin baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, ko guda nawa aka jera. Haka gilashin da aka turara da hayaƙi, da fim ɗin hoton asibiti, da faifan CD, da kallon rana cikin kwanon ruwa kamar yadda wasu ke yi ranar husufi. Abin da ya halatta ga ido tsirara shi ne tabaran husufi mai shaidar ISO 12312-2, ko gilashin walda mai lamba 14. A lura, yawancin gilashin da ke hannun masu walda bai kai wannan lambar ba, don haka a duba, kada a yi zato.

Ga mai na'urar hangen nesa kuwa, matacin haske a bakin na'urar yake zama, wato ɓangaren da ke fuskantar rana. Ɗan ƙaramin baƙin gilashin nan da ke zuwa da wasu na'urori masu araha, wanda ake ɗaurawa a wurin sa ido, a jefar da shi. Duk zafin da na'urar ta tara a kansa yake sauka, kuma yana iya tsagewa ido na kai. Kada a sa tabaran husufi a leƙa cikin na'urar da ba ta da mataci. A rufe ƙaramin madubin saiti da ke gefe, ko a cire shi, musamman in akwai yara a gidan. Kafin kowane kallo a ɗaga matacin sama a duba ko ya huje, sannan a tabbata iska ba za ta fizge shi ba.

Lokacin hunturu yana da nasa tarkon. Hazo kan dusashe rana har ta zama farin faifai da ido ke iya jurewa, sai mutum ya ƙura mata ido. Rashin jin ɗaukar ido ba shaida ba ce ta cewa babu cutarwa.

Abu uku ne, ba ɗaya ba

Walƙiyar rana haske ce: wani yanki, galibi kusa da baƙaƙen tabon rana, ya saki ƙarfin maganaɗisun da ya tara, ya haska na 'yan mintoci ko awanni. Haske ne, don haka cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu ya ratso kilomita miliyan 150 ya iso mu. Lokacin da ka gan ta, ta riga ta iso.

Zaren rana kuwa doguwar igiya ce ta iskar gas da maganaɗisu ya rataye sama da fuskar rana. Tana iya zama a wurin kwanaki ko makonni, sannan wata rana ta tsinke ta tashi.

Na ukun shi ne aman rana, wanda a shafukan masana ake taƙaita shi da CME: biliyoyin tan na gas da maganaɗisu da rana ta watso sararin samaniya. Wannan jiki ne, tafiya yake yi. Gudunsa daga kimanin kilomita 250 ne zuwa 3,000 a daƙiƙa, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin ya iso, in ma nan ya nufo. Wanda ya biyo bayan walƙiyar da masanin taurari Richard Carrington ya gani a Ingila ranar 1 ga Satumban 1859 ya iso cikin ƙasa da awa 18, kuma har yau yana cikin mafiya sauri da aka sani.

Abin kamar damina ne: ganin walƙiya a gabas ba ya nufin ruwa zai sauka a garinku, sai an ga inda iska ta kora hadarin. A Oktoban 2014 wani katafaren tabo mai lamba 2192, wanda aka fi shekara ashirin ba a ga irinsa ba, ya yi walƙiya shida ta ajin X, wato aji mafi ƙarfi, amma babu wani aman kirki da ya biyo bayansu. Akasin haka, zaren da ya tsinke ranar 31 ga Agustan 2012 ya watsa ama mai gudun sama da kilomita dubu a daƙiƙa, alhali walƙiyar da ta raka shi ta ajin C ce kawai, mai rauni. Saboda haka in ka ji an yi babbar walƙiya, tambayarka ta gaba ita ce: an ga ama? Ina ya dosa? Walƙiyar da ta daɗe tana ci, awa biyu ko uku, ta fi yawan zuwa da ama a kan wadda ta haska ta mutu nan take.

Su ma haruffan ana kuskurensu. A, B, C, M da X ma'auni ne na ƙarfin hasken eksire da taurarin GOES na Amurka ke aunawa, kuma kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau goma. M5 rabin X1 ce, X2 kuma ninki biyu ce ta X1. Ajin X ba shi da rufi: ta ranar 4 ga Nuwamban 2003 ta fi ƙarfin na'urar awon, sai daga baya aka ƙiyasta ta a X28 ko sama da haka.

Sayen matacin da ba shi ba

Wannan kuskuren na cin kuɗi, kuma yana kashe gwiwa. Mutum ya sayi matacin farin haske, ya kafa na'ura yana jiran ganin zare da harsunan wuta irin na hotuna, sai ya ga farin faifai da ɗigo-ɗigon baƙi. Matacin lafiyarsa ƙalau, iyakarsa ke nan. Tabon rana yake nunawa. Walƙiyar da ake gani da farin haske, irin ta Carrington, ba kasafai take aukuwa ba.

Zare da walƙiya suna bayyana ne a wani siririn jan haske na haidurojin, wanda ake kira haidurojin-alfa, a tsawon zango nanomita 656.3. Na'urar da aka ƙera don wannan tana barin ƙasa da nanomita 0.1 ne kawai ya wuce. A nan akwai haɗari: ana sayar da wani mataci mai wannan sunan don ɗaukar hoton sama da dare, kuma ya fi araha sosai. Wancan ƙofarsa ta fi faɗi sau da yawa, ba ya nuna zare, kuma ba ya kare ido daga rana ko kaɗan. Duk wanda ya ce maka abu ɗaya ne, kada ka saya a hannunsa.

Wanda ya samu na'urar gaskiya ma yakan yi gaggawa. Ido na bukatar mintoci kafin ya saba da jan hasken. A lulluɓe kai da baƙin mayafi, a zauna a natsu, a juya maɓallin saitin matacin a hankali har zaruruwan su fito baƙi. Baƙin zaren da ke kwance a fuskar rana da jan harshen da ke tsaye a gefenta abu ɗaya ne, wurin tsayuwarsa ne ya bambanta. In ka bi zare kwana da kwanaki har ya kai bakin faifan, za ka ga ya koma harshe da idonka, kuma a ganina babu darasin da ya fi wannan zama a kai.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai irin wannan na'ura ya sani. Zare na iya ɓacewa daga gani ba don ya watse ba. In ya taso yana nufo mu da gudu, launin haskensa kan ɗan gusa zuwa ɓangaren shuɗi, sai ya fice daga siririyar ƙofar matacin. Mai kallo ya ce ya tafi, ya naɗe kayansa, alhali a lokacin ne abin ya fara. In zare ya dusashe farat ɗaya, a juya saitin kaɗan zuwa wancan ɓangaren a neme shi. Sau da yawa bayan tashinsa za a ga layi biyu masu haske sun bayyana a gefe da gefen inda yake kwance, suna nesanta da juna.

Lokacin kallo ma da muhimmanci. Da hantsi ya fi, kafin ƙasa ta ɗauki zafi iska ta fara rawa. Kada a saita na'ura ta saman rufin kwano ko kwalta.

Karatun hotunan taurarin ɗan'adam

Aman rana ba a ganinsa da na'urar gida. Haskensa ya yi rauni ƙwarai kusa da fuskar rana, sai da na'urar da ke toshe faifan ranar gaba ɗaya, kamar LASCO da ke kan kumbon SOHO tun 1995. A hotunanta, faifan tsakiya marufi ne, ɗan farin zoben da ke cikinsa shi ne girman ranar.

Babban kuskure a nan shi ne na aman da ya yi wa marufin zobe ta ko'ina. Da an gan shi sai a ce ya nufo duniya. Zoben na nufin ɗayan biyu ne: ko ya nufo mu, ko ya ba mu baya ya tafi ta ƙeyar rana. Gyaran shi ne a koma hotunan SDO, kumbon ɗaukar hoton rana da aka harba a 2010, a duba awa ɗaya ko biyu kafin bayyanar zoben. In a hotonsa mai lambar zango 304 an ga zare ya tashi, ko a 131 an ga walƙiya, ko a 193 wani yanki ya yi duhu kwatsam, to daga fuskar da ke kallonmu ya fito. In fuskar shiru take, ta baya ne. Ranar 23 ga Yulin 2012 an yi wani gagarumin ama irin wannan, ya daki kumbon STEREO-A, duniya ba ta kan hanyarsa.

Launukan hotunan SDO, ja da kore da ruwan zinariya, shafa su aka yi don a bambanta zango da zango, ido ba ya ganin wannan hasken. Farin ɗigo mai layi a gefe da gefe a hoton LASCO galibi Zahra ce ko wata duniyar, haskenta ya cika kyamara. Farin yayyafin da kan rufe hoton bayan babbar walƙiya ƙwayoyin zarra ne masu gudu suna dukan kyamarar. Sau biyu a shekara kuma duniya kan shiga tsakanin SDO da rana na ɗan lokaci, sai a yi ta yaɗa hoton ana cewa wani abu ya rufe rana.

Sai agogo. Duk waɗannan shafukan da lokacin UT, wato agogon bai-ɗaya na duniya, suke aiki. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Wanda ke rubuta abin da ya gani ya rubuta da UT, in ba haka ba ba zai iya gwada shi da jadawalin GOES ko hotunan cibiyoyin GONG ba, waɗanda ke ɗaukar rana a haidurojin-alfa daga wurare shida a duniya. A kuma tantance gabas da yamma, domin na'urori da dama na juya hoto. Tabo na fitowa ta gefen gabas ya ɓace ta yamma cikin kusan mako biyu. Kwana biyu na kallo sun isa su nuna maka ina ne ina.

Abin da ake jingina wa rana

Ko aman ya nufo mu, ƙarfin guguwar ba ya tabbata sai an san inda maganaɗisunsa ya fuskanta. In kudu ya karkata, wato ma'aunin karkatarsa da ake kira Bz ya sauka ƙasa da sifili ya daɗe a can, guguwa ta samu ƙofa. In arewa ne, yana iya wucewa ba wani abin a zo a gani. Wannan kuwa ba a auna shi sai aman ya iso kumbunan da ke kilomita miliyan 1.5 daga nan, abin da ke ba da gargaɗin mintoci 15 zuwa awa guda. Don haka in cibiyar hasashen hukumar NOAA ta Amurka da ke birnin Boulder ta faɗi lokaci aka samu saɓanin awanni, ba sakaci ba ne.

Barazanar gaskiya ce ga wasu abubuwa: guguwar 13 ga Maris 1989 ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin rashin lantarki na awa tara. Amma saƙonnin da ke yawo cewa walƙiyar rana ce ta kawo zafin bazara, ko a kashe waya da dare saboda ita, ba su da tushe. Iskar sama na tare hasken eksire tun kafin ya sauko. Shi ma tangal-tangal ɗin GPS bayan magariba a yankinmu yakan faru ko rana na kwance lafiya, domin muna kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, inda saman iska kan hargitse bayan faɗuwar rana. Orora kuma ba abin jira ba ne a Kano ko Damagaram.

Abin da mu za mu iya shaidawa da kanmu rediyo ne. Babbar walƙiya na dusashe gajeren zango a ɓangaren duniyar da ke cikin rana, nan take, na mintoci ko fiye da awa. In kana sauraron tashar waje da rana tsaka murya ta nutse gaba ɗaya, kada ka fara zargin batir ko eriya. Murɗa ka ji ko sauran tashoshin gajeren zango ma sun ɓace, duba ko FM na nan daram, rubuta lokacin, cire awa ɗaya, sannan ka buɗe jadawalin eksire na GOES ka ga ko layin ya haura M ko X a daidai wannan mintin.