Yadda nake zaƙulo furotin na tantanin ƙwayar halitta a ganyen masara

Abin da nake nema shi ne furotin na tantanin waje, wato fatar da ta kewaye ƙwayar halitta, masu hannu a girman ganye. Ganyen masara nake zaɓa, don ganye ɗaya na ɗauke da yaro da babba: can gindinsa ƙwayoyin halitta na ta rabuwa, gaba kaɗan suna miƙewa, a baki kuwa sun gama girma. Yanka shi gida uku, kowane kashi daban, ka jefa cikin ruwan naitrojin nan take, ka daka a ƙaramin turmi mai sanyi har ya yi laushi kamar garin tuwo.

Dama garin da ruwan haɗi mai sukari da maganin da ke hana furotin lalacewa, ka tace. Juya shi a inji a 10,000 g (g a nan ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba giram ba), ka yar da tarkacen da ya kwanta. Ruwan saman ka sake juya shi a 100,000 g na awa guda. Abin da ya kwanta yanzu tantani ne, amma gauraye, na waje da na kayan ciki.

A nan aikin yake. Haɗa Dextran T500 da PEG 3350, sinadarai biyu da ke raba ruwa hawa biyu, kowanne wajen kashi 6 cikin ɗari, ka zuba tantanin, ka girgiza. Ruwan zai rabu biyu, tantanin waje ya hau sama, yawancin sauran su zauna ƙasa. Komai a kan ƙanƙara, don zafi kaɗan na rikita rabon. Kwashi na saman ka maimaita sau uku. Ni karon farko sau ɗaya na yi, wai ina sauri, sai ga sakamako cike da Rubisco, furotin da ya fi yawa a ganye amma ba na tantanin waje ba, da tarkacen koren ganye. Wata guda ya tafi a banza. Tun daga ranar ba na aika samfur sai na tabbatar H+-ATPase, furotin da ke zama alamar tantanin waje, ya ƙaru a ruwan sama.

Wanke da sodiyam kabonet, ka yayyanka furotin da tirifsin, sinadarin da ke datsa furotin, ka miƙa wa injin da ke auna nauyin gutsattsarin ya ba ka sunayen furotin ɗin. Sai ka kwatanta kashi ukun na ganyen: wane furotin ne ya yi yawa a gindi ya ragu a baki? Irin su PIN1, mai fitar da oksin, sinadarin da ke sarrafa girman tsiro, daga cikin ƙwayar halitta, a gindi ake sa ran ganinsu.

Jerin sunayen nan zargi ne kawai, ba hujja ba. Liƙa wa wanda kake zargi GFP, furotin mai ba da koren haske, ka zuba manitol, wani nau'in sukari da ke janye ruwa daga ƙwayar halitta, ka duba a madubin ƙara girma: in hasken ya bi tantani ya janye daga bangon ƙwayar halitta, to a tantanin yake. Sannan ka nemi Arabidopsis, ɗan ƙaramin tsiron da ake gwaji da shi, wanda aka kashe wa ƙwayar gadon da ke samar da wannan furotin, ka shuka shi kusa da lafiyayye, ka riƙa auna ganyensu.